Yadda na bi haƙƙin marayun yayana daga asibiti zuwa gaban alƙali

Yayana ya rasu a farkon shekarar 2023, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku, namiji ɗaya da mata biyu, ga kuma mahaifiyarmu tana raye. Babban cikinsu, wanda muke kira Abba, yana ƙaramar sakandare a lokacin, 'yar autar kuwa ba a daɗe da yaye ta ba. Marigayin ma'aikacin wani kamfani ne mai zaman kansa a nan Kano. Ya bar gidan da iyalinsa ke ciki, da fili a bayan gari, da mota, da asusu a bankuna biyu, da kuɗin fansho. Ba dukiyar a zo a gani ba ce, amma ita ce duk abin da yaran nan suka mallaka. Tun bayan da muka kammala, a kai a kai wani kan tare ni a masallaci ko a wurin aiki ya ce an yi musu rasuwa, an bar yara, ta ina ake farawa? Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda muka bi, daki-daki, domin mu lokacin da muka shiga ba mu sami wanda zai jera mana matakan ba. Kowane ofis abin da ya shafe shi kawai yake faɗa maka, sauran kuma sai ka gano da ƙafarka.

Takarda ta farko a asibiti take. Da yake a gadon asibiti Allah ya karɓi ransa, likitan da ya duba shi ne ke rubuta takardar da ke shaida rasuwar da sanadinta. Ranar da abin ya faru babu wanda hankalinsa ya je kan takarda, gaggawar sutura ake yi, sai bayan sadakar bakwai na koma. Aka tura ni ofishin ajiye fayil, daga can aka ce likitan ba ya aiki ranar, in dawo. Da na dawo na same shi, kafin ya sa biro sai wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ta ce da ni, "Malam, ka zo da katin ɗan ƙasarsa? Ka bari a kwafi sunan daga jikinsa." Wannan maganar ta rage mana wahala mai yawa daga baya. A katin asibiti an rubuta sunansa yadda ake kiransa a gida, a katin ɗan ƙasa kuwa da cikakken sunansa na yanka da na mahaifinmu da na unguwarmu ta asali. Da an rubuta na katin asibitin, da kowane banki sai ya ce wani mutum ne daban. Wanda nasa ya rasu a gida, hanyarsa ta wurin mai unguwa ko dagaci take, sannan a yi takardar rantsuwa a kotu. Wanda kuma hatsarin mota ne, za a nemi rahoton 'yan sanda, kuma gara a karɓe shi da wuri tun jami'in da ya je wurin yana nan ba a canja masa wurin aiki ba.

Takardar likita ba ita ce ƙarshe ba. Dokar 1992 ta rajistar haihuwa da mutuwa ta ɗora wannan aiki a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma suna da ma'aikata a sakatariyar ƙananan hukumomi. Can na kai takardar asibitin da kwafin katinsa da nawa, aka cike fom, aka ba ni takardar shaidar mutuwa mai hatimin hukuma. Nan bai ɗauke ni lokaci ba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kuɗin hannu, domin lokacin ne ake fama da ƙarancin takardun naira bayan canjin kuɗi, mai fotokwafi ba ya karɓar tiransifa, mai adaidaita ma haka. Na yi kwafi da yawa na takardun biyu, na sa na asalin a leda na ba Hajiyarmu ta ajiye a akwatinta. Duk inda aka nemi na asali, nuna shi nake yi in karɓe abina a nan take.

Bayan sadakar arba'in muka zauna zaman gida. Akwai ni, da ƙanwarmu, da wan mahaifinmu wanda shi ne babba a dangi, da mahaifin matar marigayin da wanta. Baffanmu ya sa aka kawo littafi, aka rubuta duk abin da aka sani marigayin ya bari, har da agogo da wayarsa da buhunan shinkafar da ke sito. Aka ware kayan matarsa, gadonta da kujerunta da kwanukanta da keken ɗinkinta, domin waɗannan nata ne, ba sa cikin gado. Sannan aka sa liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a cewa duk mai bin sa bashi ko wanda yake bi ya zo. Mutane suka zo. Wani mai shagon siminti ya kawo littafinsa, wani abokin aikinsa kuma ya zo da kuɗi a ambulan ya ce rance ne marigayin ya ba shi, babu wanda ya sani sai su biyu. Na daɗe ban ga abin da ya sa ni hawaye kamar zuwan mutumin nan ba.

A wannan zaman ne aka tayar da maganar yara, kuma nan ne aka fi ɗaga murya. Wasu daga ɓangarenmu suka ce da ta gama takaba a raba yaran, ni in ɗauki Abba, ƙanwarmu ta ɗauki ta tsakiyar, a bar mata ƙaramar. Haka aka saba yi a gidaje da yawa, kuma masu faɗa da kyakkyawar niyya suke faɗa. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Yaran da suka rasa uba wata guda da 'yan kwanaki, a ce kuma su rasa uwa da junansu? Muka je wurin wani malami da ke karantar da fiƙihu a unguwarmu, ya warware mana abin da mu duka muke cakuɗawa. Ya ce riƙon yaro daban, kula da dukiyarsa daban. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, riƙo haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wani bare, riƙon ya koma wurin mahaifiyarta, wato kakar yaran ta wajen uwa, kafin a zo kan dangin uba. Dukiya kuwa, bayan uba sai wanda uban ya yi wa wasiyya, in bai bar wasiyyi ba sai alƙali, shi ne zai naɗa wanda ya ga ya dace. Ya dube ni ya ce, "Kasancewarka baffansu bai ba ka ikon taɓa ko sisinsu ba, sai alƙali ya ɗora ka." Muka dawo gida aka bar yara a ɗakin uwarsu.

Daga nan na tafi banki. Marigayin ya buɗe asusunsa na farko tun yana saurayi, kuma sunana ya rubuta a gurbin makusancin da za a nema in wani abu ya faru, abin da ake kira nes of kin. Mutane da yawa a dangi sun ɗauka da na je za a miƙo mini kuɗin. Ma'aikaciyar da ta saurare ni ta yi mini ta'aziyya, ta karɓi kwafin takardar shaidar mutuwa da wasiƙar sanarwa da na rubuta, ta ce daga yau an rufe asusun, ba shiga ba fita, kuma ko nawa ne a ciki ba za ta iya gaya mini ba sai da takardar kotu. Sunan da ke gurbin nan, in ji ta, na wanda za a tuntuɓa ne kawai, ba ya mayar da mutum magaji. A shari'a ma haka abin yake, domin tunda marigayin ya bar ɗa namiji, ni da ƙanwarmu ba mu da ko kwabo a gadonsa. Zan ja kunnen duk wanda ya sami kansa a nan game da katin cirar kuɗi. Katin yayana yana hannun matarsa, ta san lambar sirrin, ga gida babu cefane, ga masu ba da shawara suna cewa a kwashe kafin banki ya ji labari. Ba mu taɓa ba. Daga lokacin da rai ya fita, kuɗin ya zama na magada, a cikinsu akwai marayu, kuma duk abin da aka cira bayan ranar rasuwa zai fito ɓaro-ɓaro a takardar banki ranar da alƙali ya nema. Cefanen waɗannan watanni mu 'yan'uwa muka haɗa.

Kafin in bar kowane banki na tambaye su takamaimai wace takardar kotu suke karɓa. Amsar ba ɗaya ba ce. Ɗaya ya ce umarnin kotun shari'ar Musulunci mai hatimi ya ishe su. Ɗayan ya ce shi sai takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotun jiha, wadda suke kira leta of administireshan. Na so in yi gardama, amma manajan ya ce umarni ne daga hedikwatarsu, ba shi da ikon canjawa. Saboda haka muka bi kotu biyu.

Kotun shari'a muka fara zuwa, bayan matar yayana ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma. A ofishin magatakarda na shigar da buƙatar rabon gado, na ba da sunayen magada da jerin dukiya, na biya kuɗin buɗe fayil aka ba ni rasit, aka sa rana. Ranar zaman mun isa da sassafe, muka tarar da rumfar cike: masu rikicin aure, masu bashi, masu iyakar gona. Hajiya da ciwon gwiwarta tana kan benci, 'yar autar tana kuka a bayan uwarta. Sai dab da azahar aka kira mu. Alƙalin ya fara da neman shaidu biyu, waɗanda ba magada ba, su tabbatar da rasuwar da kuma cewa waɗannan ne magadan babu wasu. Ya tambaya ko marigayin yana da wata matar a wani gari, ko akwai wadda ya saka ba ta gama idda ba, ko akwai ɗa a wani ɗaki. Ya juya ga matar ya tambaye ta cikin ladabi ko akwai juna biyu, domin in akwai, ba a raba gado sai an haihu. Ya tambaye ta ko an biya ta sadakinta duka, tunda in da saura bashi ne a kan mamaci. Sannan ya jera mana tsari: kuɗin sutura, sai basussuka, sai wasiyya in akwai, wadda ba ta wuce sulusi, abin da ya rage shi ne gado.

Aka ɗaga zaman domin a kimanta dukiya. Kotu ta turo wakilinta tare da masu kimantawa da mai unguwa, suka zagaya gidan ɗaki-ɗaki, suka je filin, suka duba motar. Kuɗin motarsu a wuyanmu yake, kuma lokacin an riga an janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kowace zirga-zirga sai an yi mata lissafi. A nan takardun fili suka so ba mu ciwon kai, domin takardar cinikin na ɗauke da sa hannun wanda ya sayar da shaidu, amma babu hatimin dagaci. Allah ya taimaka mai sayarwar yana raye, ya zo gaban kotu da kansa ya tabbatar. Kotu tana karɓar wani kaso na ƙimar dukiyar a matsayin kuɗin gwamnati. Ka tambayi magatakarda nawa ne tun kafin a kai ga ranar, ka biya inda aka ce a biya, ka karɓi rasit. Akwai masu zagayawa a harabar kotu suna cewa sun san hanya, a ba su wani abu su gaggauta. Kuɗin marayu ne za ka miƙa musu, kuma babu rasit ɗin da za ka nuna gobe.

Ranar rabo, alƙali ya kasa dukiyar kashi 96. Matar ta sami tumuni, wato kashi 12. Hajiya ta sami sudusi, kashi 16. Ragowar 68 na yara ne, Abba 34, ƙannensa mata kowace 17. Ba mu so a sayar da gidan, kuma alƙalin ma bai so ba, ya ce in an sayar yaran su kwana a ina? Aka bar shi a matsayin tarayya, aka rubuta rabon kowa a cikinsa. Hajiya ta ɗaga hannu ta ce, "Allah gafarta Malam, rabona na gidan na bar wa jikokina." Bai karɓa a take ba. Ya sake tambayarta ko wani ne ya matsa mata, ya tabbatar ta san ƙimar abin da take bayarwa, sannan ya sa aka rubuta kyautar da shaidu, ta dangwala yatsa. Motar kuwa aka yanke a sayar, don ajiyarta lalacewa ce.

Sai maganar wanda zai kula da rabon yaran. Alƙalin ya tambayi uwarsu da kakansu na wajen uwa da baffanmu, kowa daban, wa suka amince da shi. Suka ambace ni. Ya tambaye ni sana'ata, da ko ana bina bashi, da ko ina da iyali. Ya karanta mini aya ta 10 a Suratun Nisa'i, wadda ke cewa masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikkunansu, ya ce ba don ya zarge ni ba, kowa yake karanta wa. Ya kafa mini sharuɗɗa: ba zan sayar da gida ko fili ba sai da izinin kotu, ba zan cakuɗa kuɗinsu da nawa ba, kuma duk ranar da aka neme ni in zo da lissafi. Ni na roƙi a haɗa ni da uwarsu a sa hannu kan asusun yaran, ya amince aka rubuta. Na fito daga ɗakin nan ƙafafuna sun yi nauyi. Dangi na yi mini barka kamar an ba ni sarauta, ni kuwa ayar ce ke yawo a kaina.

Babbar kotun jiha tata hanyar daban ce, kuma ta fi cin lokaci. A sashen da ke kula da dukiyar mamata aka sayar mana da fom. Suka ce tunda akwai ƙananan yara a cikin magada, ba a ba mutum ɗaya izinin, sai aƙalla biyu, saboda haka muka shiga ni da matar yayana. Aka nemi hotunanmu, da katin shaidarmu, da hoton marigayin, da takardar shaidar mutuwa, da mutum biyu masu tsaya mana waɗanda ke da abin hannunsu. Aka ba mu wata takarda mu kai banki da kamfanin fansho su rubuta adadin abin da ke asusun su buga hatimi. A ranar ne muka fara sanin nawa ne a ciki. A kan wannan adadin ake lissafa kuɗin da za a biya gwamnati, shi ya sa duk asusun da ba a rubuta a takardar ba, izinin ba zai hau kansa ba. Ka binciki wayar mamaci da saƙonnin banki da ke shigowa cikinta kafin ka cike fom, kada ka bar layin ya mutu. Bayan biya, aka buga sanarwa a jarida, aka jira makonni uku ko wani zai fito ya ƙalubalanta. Babu wanda ya fito, amma fayil ɗin ya ƙara kwana a teburori kafin a sa hannu. Abin da na ga yana aiki shi ne ka riƙe lambar fayil ɗinka, ka san sunan ofishin da yake a kowane mako, ka riƙa leƙawa da fara'a. Mun yi ba tare da lauya ba, amma wanda dukiyarsu ke da yawa ko akwai saɓani tsakanin ɗakuna, ya ɗauki lauya.

Fansho ne ya zo ƙarshe. Kamfanin da ke riƙe da asusun fanshonsa ya nemi takardar izinin kotu, da shaidar mutuwa, da wasiƙa daga wurin aikinsa mai tabbatar da rasuwar, da takardar ɗaukarsa aiki, da bayanan asusun da za a zuba kuɗin. Su ma ba su ke da maganar ƙarshe ba, sai sun aika wa hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta amince. A nan akwai haƙƙin da iyalai da yawa ke bari ya salwanta don ba su san da shi ba. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Wannan kuɗi daban yake da abin da ke asusun fansho, kuma ta wurin aikin mamaci ake bin sa. Babu wanda ya ambata mana shi a wurin aikin yayana sai da wani abokinsa ya ja ni gefe ya ce in tambaya a rubuce. Na rubuta, na karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, bayan jira mai tsawo kuɗin ya fito. A can ma sunana ne a fom. Malaminmu ya ce a haɗa shi cikin gado, muka mayar da shi gaban alƙalin aka raba bisa kason farko.

Ana cikin wannan duka, yaran ma suna da nasu takardun. Makarantar Abba ta nemi lambar NIN, wadda yanzu ba a zana jarrabawar JAMB sai da ita, kuma yaron da bai kai shekara 16 ba ana yi masa rajista ne a jingine da lambar uba ko uwa ko mai kula da shi. 'Yar autar ko takardar haihuwa ba ta da ita, sai da muka koma wurin Hukumar Ƙidaya da katin rigakafinta. Wani banki kuma, da za mu buɗe wa yaran asusu, ya nemi wasiƙa daga ofishin jin daɗin jama'a. Jami'ar da na samu a can ta tambaye ni abin da nake nufi: in mayar da yaran 'ya'yana a takarda su ɗauki sunana, ko kula da su kawai? Fom ɗin da Turanci suke, kuma hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne a doka, wanda bai lura ba sai ya sa hannu a inda bai nufa ba. Na ce mata kulawa ce, ga umarnin alƙali. Musulunci bai yarda a canja wa yaro nasaba ba, aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. A kowane fom na makaranta, gurbin uba sunan yayana nake rubutawa, nawa yana gurbin mai kula. Na ga gidajen da baffa ya sa sunansa a takardun maraya don sauƙi, shekaru suka wuce, yaron ya zo neman haƙƙin ubansa takarda ta ce shi ɗan wani ne.

Da kuɗi suka shigo asusun yaran sai wata damuwar ta taso. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, kuɗin da ke kwance a banki kullum raguwa yake yi ko ba a taɓa shi ba, kamar ƙanƙara a rana. Ga zakka, wadda a wurin Malikiyya tana hawa dukiyar maraya in ta kai nisabi ta shekara, shi ya sa aka ruwaito daga Sayyidina Umar cewa a juya dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta. Masu shawara suka yi yawa. Wani ya ce in zuba a shagona a riƙa raba riba, wani ya ce a saya musu adaidaita. Shagona na ƙi, domin ranar da kasuwa ta faɗi ba zan iya rantsuwa kuɗin wa ya tafi ba. Muka zauna da uwarsu, muka koma wurin alƙali da shawara biyu, ya amince: aka sayi ƙaramin fili da sunan yaran uku da rabon kowa a rubuce, wani kason kuma aka sa a sukuk na gwamnatin tarayya, wato zuba jari bisa tsarin Musulunci, wanda ake fitarwa tun 2017 kuma babu riba ta haram a cikinsa. Aka bar abin da zai ishi kuɗin makaranta da asibiti a asusu. Ina da littafi mai bango mai kauri, kowane yaro da shafukansa. Kuɗin makaranta, takalmi, magani, duk abin da ya fita daga rabonsa sai na rubuta da kwanan wata, na manna rasit, uwarsu ta sa hannu. Abin da na saya musu daga aljihuna, kayan sallah ko tsaraba, ba ya shiga littafin.

Ga wanda ke tsaye a farkon wannan hanya, abin da zan ce ya fara da shi shi ne daidaita suna a kowace takarda, domin harafi ɗaya kan mayar da mutum baya da makonni ya koma yin rantsuwa a kotu. Ya tambayi kowane banki da kamfanin fansho irin takardar da suke karɓa kafin ya biya kuɗin kowace kotu, wataƙila guda ɗaya ta ishe shi. Kada ya je ko'ina shi kaɗai da sunan marayu. Ya tafi da uwarsu ko wani daga danginta, don zargi ya fi saurin shiga inda ɓangare ɗaya ne ya ga adadi. Kuɗin zirga-zirga da na kotu, in daga dukiyar za a cire, a gaya wa alƙali tun farko a rubuta. Kuma kada a bar rabon gado ya kwana shekaru da sunan kunya ko kara. Magada na mutuwa, wani gadon ya hau kan wani, shaidu su tsufa, filin da kowa ya san na wane ne ya zama abin musu.

Ga masu rai kuma, mu da muke da ƙananan yara, a je a sabunta sunan da ke fom ɗin banki da na wurin aiki, a rubuta basussuka, a gaya wa iyali inda takardun gida suke. Uba yana da ikon ya naɗa wasiyyin da zai kula da dukiyar 'ya'yansa tun yana raye, a rubuce da shaidu biyu, kuma da yayana ya yi haka da an rage mana zama ɗaya a kotu da maganganu da yawa a gida. Ni na rubuta tawa a watan da muka karɓi kuɗin fansho.

Aikin bai ƙare ba, domin dukiyar ba ta komawa hannun yaro don kawai ya balaga. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce a jarraba su, in an ga hankalin riƙon dukiya a tare da su a miƙa musu, kuma a kafa shaidu ranar miƙawa. Na fara ba Abba kuɗin makarantar ƙannensa ya kai banki ya kawo rasit, kuma duk ƙarshen zango ina buɗe masa shafukansa na littafin ya duba da kansa, ya tambayi abin da bai gane ba. Alƙalin ya ce in lokacin ya yi mu koma gabansa da littafin da takardun filayen, a yi miƙawar a kotu, kowane yaro da ranarsa.